Mil Ɗari da Sha Biyar

Ishbel ta zare zoben baikonta ta ɗora a kan taswira, daidai kan garin Alta.

"Ga kayanka, Torstein!"

Ya ajiye kofin kofi a hankali.

"Masoyiyata, me kuma na yi?"

"Kar ka masoyiyata ni! Ina kake zuwa duk Alhamis?"

"Alta. Gyaran injin jiragen kamun kifi. Shekara biyu kenan kin sani."

"Injin ne ke da suna Solfrid?"

Solfrid ita ce budurwarsa ta dā. Mahaifiyarsa, Oddlaug, har gobe hoton Solfrid na nan manne a jikin firij ɗinta, wai don ya toshe wani tabo. Ranar Lahadin da ta wuce, tana yanka wa Ishbel cuku, ta ce cikin murmushi, "Solfrid fa ba ta yi nisa ba, 'yata. Mil ɗari da sha biyar ne kacal daga nan Tromsø."

Ishbel 'yar Aberdeen ce ta ƙasar Birtaniya, malamar lissafi. Ba ta yi kuka ba. Ta sayi taswira, ta auna mil ɗari da sha biyar, ta zana da'ira da jan biro. Layin ya bi ta gefen Alta.

Torstein ya daɗe yana kallon da'irar. Kafaɗunsa suka fara rawa.

"Dariya kake?!"

"Zuciyata... da wane mil kika auna?"

"Mil nawa ne a duniya?"

"Naku na Birtaniya bai kai kilomita biyu ba. Namu na ƙasar nan kilomita goma ne cif. Solfrid tana Oslo. Kilomita dubu da ɗari da hamsin, in aka bi ta sama."



Ya ja yatsanta daga Tromsø, ya yi ta gangarawa kudu har yatsan ya sauka daga takardar ya hau tebur. Taswirar tata ma ba ta kai Oslo ba.

"Kuma Mama ta san ban sani ba," in ji ta.

"Mama ta san komai."

Ya ɗauki zoben ya miƙo. Ta naɗe hannu a ƙirji.

"Tsaya. Alta awa nawa kake yi a motarka?"

"Shida, in babu ƙanƙara."

"Oslo a jirgi fa?"



"Biyu... ba 'yan mintuna."

"Ka gani! Ashe ta ma fi kusa fiye da yadda na zata!"

"Ishbel, shekara huɗu rabona da ita!"

"Au, har ƙirgawa kake?"

Ya buɗe baki, ya rufe. A duk zamansu, wannan ce amsa mafi hikima da ya taɓa bayarwa. Ta fizge zoben ta saka da kanta, don kar ya ɗauka ya yi nasara.

Aka ɗaura aure a watan Yuni. Ishbel da hannunta ta rubuta wa Solfrid katin gayyata, har ta tanadar mata kujera inda za ta ga amarya sosai.

Amsa ta zo a layi biyu. Solfrid tana taya su murna, amma ba za ta samu zuwa ba, Tromsø ta yi mata nisa.

Ishbel ta karanta wa surukarta sau biyu, a tsanake. Sannan ta manna katin a jikin firij, daidai kan fuskar hoton.

"Tabon ya fi toshuwa haka, Mama."