Maki Goma Sha Biyu

Malama tana tsakiyar duba insha'in 'yan aji biyu wani saurayi ya shigo ofishin malamai, takarda a hannu, fuska a murtuke. Mai shagon magani ne, kawun wata ɗalibarta.

"Goma sha biyu cikin ashirin? Me aka gani a rubutun nan?"

Ranta ya ɓaci, don shi ne na uku da ya zo ƙorafin maki tun safe. Ta tura masa jadawalin da take auna aiki da shi: tsari, hujja, ƙa'idar rubutu, tsafta, kowanne maki biyar.

"Yara ma da shi suke auna kansu. 'Yarka goma sha ɗaya ta ba kanta. Ta ce babu hujja, sai manyan kalmomi."

Ya sosa ƙeya. "Ni na rubuta mata."

Ba ta so yin dariya ba, ta kuɓuce mata.

Bayan kwana biyu saƙo ya shigo: "Malamata, na daina yi mata aiki. Ni kuma a wane aji za ki sa ni?"

Daga nan zance ya yi nisa. Yarinyar ta koma rubutu da kanta, makinta ya hau zuwa goma sha bakwai. Sai malamin lissafi, wanda ya daɗe yana neman Malama tana kaucewa, ya baza cewa soyayya ce ke rabon maki. Maganar ta isa kunnen mahaifinta.

"Ban yarda da mutumin da zai zubar miki da mutunci ba," in ji shi.

Mako uku ba ta ɗaga waya ba. Ga gulma a ofis, ga shiru a gida. Saƙon saurayin na ƙarshe ya ce: "Sanyin idona, ko faɗa ne ki yi min."

Haushi ya ishe ta. Ta kwashi insha'in ajin duka, ta rufe sunaye, ta ajiye gaban shugaban makaranta.

"Ranka ya daɗe, a ba duk wanda aka ga dama ya duba da jadawalin nan."

Malamai biyu suka duba. Ɗaya ya ba yarinyar goma sha bakwai, ɗayan goma sha takwas.

Shugaban da kansa ya je wajen mahaifin Malama da sakamakon. Tsohon ya saurare shi, sannan ya kira ta ya ce, "Na yi garaje, 'yata. Ki ce wa yaron ya turo magabatansa."

Da hutun ƙarshen zango aka ɗaura aure. Mahaifinta ya dafa kanta.

"Allah ya ba ku zaman lafiya, ya albarkaci gidanku."