Gobe Ni Zan Bi Su

Kwana goma sha tara ke nan masu masaukina suna yawo da ni, daga gidan tarihi zuwa bakin teku. Mutanen kirki, amma ba ma jin yaren juna, sai murmushi da nuni. Ƙafafuna duk sun yi bororo.

Da dare na shiga kicin shan ruwa, ban kunna fitila ba.

"Sannu da gajiya," wata ta ce daga gefen firij.

Hausa! Har ƙwalla na yi. "Baiwar Allah, yaushe kika zo?"

"Tare muka zo."

Na buɗe firij, haske ya sauka a ƙafarta. Ga filastar da na manna a dunduniyata da safe, har da tabon jinin.

"Je ki kwanta," ta ce da muryata. "Gobe ni zan bi su."