Ludayin da Ya Ƙi Riƙe Kunu

A wata lakwal, wato makarantar boko, a Matameye akwai wata yarinya mai hannun zane. Matsalarta ɗaya ce: komai ta gani sai ta ce za ta iya.

Ran nan Mushe Abdu, malamin zane, ya kawo ayyuka uku: ƙera wani abu da dalma, zanen allon maraba, da sharhin fim ɗin da za a nuna wa 'yan aji. Ya ce kowa ya ɗauki ɗaya. Aikin da ya fi kyau za a kai shi baje kolin ɗalibai a Damagaram.

Yarinyar ta ɗaga hannu har sau uku. Ita dai burinta a ga aikinta a Damagaram.

"Ba su yi miki yawa ba?" in ji Mushe.

"Zan iya, Mushe."

Daga ranar hutu ya ƙare mata. Da safe lakwal, da azahar fenti, da la'asar maƙerar kawunta Idrisa, mai zubin tukwane. A can ta sassaƙa ludayi na itace, mai mariƙi gaɓa-gaɓa kamar raken garin Dungu. Da shi za a fitar da siffar na dalma.

Ranar kallon fim kuwa, ko rabi ba a kai ba gyangyaɗi ya kwashe ta. A gida innarta ta yi ta faɗa, ta ce duk ta rame, ko abinci a tsaye take ci.

Ranar Laraba ta isa maƙera tana jan ƙafa. Kawu ya ba ta akwatin zubi. Ya ce ta sa ludayin itacen a ciki, ta riƙa zuba jiƙaƙƙen yashi kaɗan-kaɗan tana dakawa, har ya yi tauri.

Amma kafaɗunta ciwo suke yi, ga allo yana jiranta. Sai ta juye yashin gaba ɗaya, ta daddanna samansa, ta shafe.

"Kin daka sosai?" Kawu ya tambaya.

"Na daka, Kawu."

Ya buɗe akwatin, ya zare na itacen, ya rufe, ya tsiyaya narkakkiyar dalma. Ashe yashin ya rufta daga ciki. Da ludayin ya huce, sai ga shi duk ƙuraje da huji, gaɓoɓin raken sun ɓace. Kawu ya dube ta, ya miƙa mata shi.

Ta kai shi gida haka nan. Inna ta kamfato kunu da shi, kunun ya tsiyaye ta ƙasa tun kafin ya kai kwano. Yarinyar ta zauna a bakin murhu ta fashe da kuka. Ta gaji, kuma kunya ta kama ta.

"Inna, ƙarya na yi wa Kawu. Ban daka ba."

"To, shi za ki gaya wa, ba ni ba."

Ta koma ta ba shi haƙuri. Washegari ta je wurin Mushe da allon da bai kai rabi ba, da sharhi layi uku. Ta roƙi a ba ƙawarta Baiwa allon, a ba wani sharhin.

"Na ƙara miki kwana biyu," in ji Mushe. "Yau ki je ki huta tukuna."

Ta huta. Kashegari ta daka yashin nan a tsanake, Kawu yana latsawa da yatsa har ya gyaɗa kai. Ludayi ya fito sumul, kowace gaɓa ta fito raɗau.

Ranar Litinin Mushe ya juya shi gaba da baya, ya naɗe shi a takarda, ya sa a kwalin da za a kai Damagaram.

Tun daga nan yarinyar ta gane cewa gara ta ɗauki aiki ɗaya ta yi shi da kyau da ta kwashi uku ta ɓata su duka. Kuma in ta gaji, sai ta faɗi gaskiya.