Rubutun Bayan Safar Hannu

Tsoro ba laifi ba ne ga mai gudun kada. Amma in ya shiga zuciyar wanda aka damƙa wa ran mutum, ya fi wuƙa ɓarna, don matsoracin mai ceto da ran wani yake biyan tsoronsa. Haka ta faru a tsibirin Maibu.

Ranar Laraba da hantsi ƙaramin jirgi ya sauke Insfekta Marou. Rahoton da aka ba shi gajere ne. Jiya da yamma ma'aikatan agajin gaggawa biyu sun tsinci wani mutumin tsallake a bakin gaɓa, kada ya yage masa cinya, suka yi iya yinsu, rai ya yi halinsa. Sunan mamacin Gebi, mai kamun kaguwa daga ƙauyen Kodoro, ɓangaren Papuwa. Tsakanin Kodoro da Maibu tafiyar minti ashirin ce a kwalekwale mai inji, sai dai iyakar ƙasa biyu ta ratsa tsakiyar ruwan.

Gawar na kwance a ɗakin baya na ƙaramin asibitin. Babban ma'aikacin, Kelvin Gaidan, ya yaye mata mayafi. Mutum ne mai furfura, shekararsa ashirin da shida a aikin.

"Ƙarfe nawa kuka gan shi?" in ji Insfekta.

"Biyar saura kwata, Yallaɓai. Kafin jirgi mai saukar ungulu ya taso ya cika."

"Wa ya kawo shi?"

"'Yan tsallake mana. Ka san halinsu, su yar maka da majinyaci a yashi su cika wa rigarsu iska, kar a tambaye su takarda."

Insfekta ya sunkuya. Laka ta bushe a gemun mamacin, ta bushe a kunnuwansa da gashinsa. Goshin kuwa fes, sai warin sifirit. Marou ya ga haɗari da yawa a rayuwarsa, ya san al'adar masu wannan aiki a nan: duk wanda aka ɗaure wa ɗamarar tsayar da jini, ana rubuta lokacin a goshinsa don likita ya gani.

"Ina lokacin ɗaurin?"

"Ban rubuta ba. Gaggawa ce."

"Shekara ashirin da shida, sai jiya hannunka ya manta? Amma bai manta da wanke wa gawa goshi ba."

Kelvin ya yi dariyar yaƙe. Mai kaza a aljihu ba ya jimirin as.

A bakin mashigar kwalekwale Insfekta ya iske matar mamacin, Dorika, zaune kan tabarma, mata biyu na riƙe da ita. Da asuba ta tsallako ɗaukar gawar mijinta.

"Baiwar Allah, su wa suka kawo mijinki nan?"

Ta sunkuyar da kai. "Ban sani ba, Yallaɓai."

"To ni zan gaya miki abin da na sani. Biyar saura kwata aka tsince shi a kan yashin can, bai jima ba ya cika."

Ta ɗago kai a hankali. Ya ga leɓunanta na motsi, tana lanƙwasa yatsu ɗaya bayan ɗaya.

"Biyar? Ai yara ba su tashi daga makaranta ba suka bar Kodoro."

"Su wa?"

"Yaya Kelvin da yarinyar nan Nazareth. Ni na kira shi, uwarsa da uwata nono ɗaya suka sha. Ya zo ya ɗaure ƙafar, ya yi allura, ya rubuta masa lamba a goshi. Har Gebi na tsokanarsa, wai shi buhu ne za a sa a gidan waya? Ya ce in yayyafa wa kaguwoyinsa ruwa kar su mutu kafin ya dawo. Yaya ya ce kar in faɗa wa kowa ya taka ƙasarmu, aikinsa zai lalace. Na yi shiru, don na ɗauka alheri ya yi mini." Ta kama hannun rigar Insfekta. "Minti ashirin ne, Yallaɓai. Ina suka kai min miji awa uku?"

Marou ya nufi kwalekwalen asibiti.

An wanke shi tas. Amma ramin ƙarya ƙurarre ne. A igiyar gaba akwai ganyen kurmin bakin teku, alamar an ɗaure shi a jikin reshe. Da ya ɗaga tankin mai, sai ga safar hannu ta roba a maƙale, ƙarama, ta mace. A bayanta an jera lambobi da biro, layi shida. Ya buga wa masu jirgin sintirin kan iyaka waya. Suka ce jiya sun kafa anga a tsakiyar ruwan da ya raba ƙasashen tun ƙarfe biyu, ba su ɗaga ba sai huɗu da rabi.

Ya tara ma'aikatan biyu, Kelvin da Nazareth, a ofishin asibiti. Nazareth Ober wata takwas kenan da fara aiki, 'yar ƙanwar Kelvin ce.

"'Yata, ƙarfe nawa kika fara ganin Gebi?"

"Biyar saura kwata," ta ce, idonta a kan siminti.

Ya shimfiɗa safar a kan tebur. "Rubutun wane ne?"

Ya matsar da ita gabanta.

"Karanta mini. Idona ya tsufa."

Ta fara karantawa. "Biyu saura kwata, bugun zuciya ɗari da goma. Biyu da kwata, ɗari da ashirin. Uku saura kwata..." Ta kai layi na shida. "Huɗu da kwata. Ba na ji a hannu, sai a wuya."

"Rufe bakinki, Nazareth," in ji Kelvin.

"Na rufe jiya, Kawu, ga abin da ya haifa." Ta juya ga Insfekta. "Muna fitowa ya hango jirgin sintiri, sai ya karkata cikin kurmi ya kashe inji. Na ɗauki oba-oba zan kira, ya fizge ya zauna a kai. Na durƙusa masa a cikin jini. Ya ce minti goma za su tafi. Gebi yana ta tambaya, 'Ɗan'uwa, mun iso?' Shi kuma yana cewa, 'Saura kaɗan.' Sauro ya rufe wa Gebi fuska ina kora. Daga baya ya daina tambaya."

Kelvin ya buga tebur. "Ni na je! Wa ya je in ba ni ba? Lasin aikina a tsakiyar ruwan nan ya ƙare. Bara na tsallaka na karɓi haihuwa, aka aiko min takarda, in na sake fita da jakar magani an soke ni. Da masu sintiri sun gan ni daga can nake, shi ke nan. Saura wata bakwai in ajiye aiki da mutuncina. Na ɗauka ɗaurin zai riƙe."

"Ka ɗauka?" Insfekta ya tura masa safar. "Duk rabin awa yarinyar nan tana karanta maka. Kai da ka koya mata karatun."

Kelvin ya dubi lambobin, kafaɗunsa suka zube. "Na sani," ya ce. "Tun ƙarfe uku na sani."

"Zuwanka Kodoro ba shi ya kawo ni ba. Da zuwan ne kaɗai, da na sara maka na koma. Tsayawar ce. Likitan da na tuntuɓa ya ce da ka miƙe ka wuce ta gaban masu sintiri, ƙarfe uku yana kan gadon tiyata. Miƙo hannu."

Aka fito da shi da ankwa. Hanyar filin jirgi ɗaya ce, ta bakin mashiga ta bi. Dorika ta miƙe daga kan tabarma. Ba ta zage shi ba, ba ta yi kuka ba.

"Yaya," ta ce, "kaguwoyin suna nan da rai. Na yayyafa musu ruwa kamar yadda Gebi ya ce."

Garin neman gira aka rasa ido. Lasin da ya zauna kan oba-oba don karewa, cikin mako biyu aka soke shi. Shekara ashirin da shida na suna mai kyau suka bi ruwa. Alƙali ya yanke masa shekara tara. Nazareth ta tsaya shaida a kotu, sau goma sha ɗaya ta ambace shi, ba ta ce Kawu ba ko sau ɗaya. A Kodoro kuwa, yarinyar da ya karɓi haihuwarta bara, wadda aka raɗa wa Kelvina don girmama shi, iyayenta suka koma coci aka canja mata suna.