Zaren Cikin Hula

Ranar da alƙali ya ce a rataye Fannami, matarsa Falmata ta yanke jiki ta faɗi a ƙofar kotu, babu wanda ya ko yayyafa mata ruwa. Wayyo duniya! Mutumin da ya tsero daga Bama da matarsa da rigar wuyansa, ya kafa rumfar wankin hula a unguwar Pantami, ko kaza bai iya yankawa, wai shi ne ya kashe Malam Sharhabilu! Hujjar me? An tsinci hula kusa da gawar, Jaji dillalin filaye kuma ya rantse ya sha ganinta a kan Fannami.

"Jama'a, wanki aka kawo mana ita!" Falmata ta yi ta faɗa har muryarta ta dushe. "Ku duba cikinta, kowane mai hula da alamar zaren da nake ɗinka masa. Don Allah ku duba..."

Wa zai saurari 'yar gudun hijira? Mai gidan haya ya watso musu kaya waje, mata suka daina sayen turarenta, yara na binta da "matar mai kisa". Uwar Fannami ta rasu tana kiran sunansa. Shekara shida Falmata na kai masa tuwo gidan yari, kullum ta doshi ƙofar tana fargabar ko yau an sa hannu a takardar rataye shi. Ta kan ɗaga hannu tana hawaye: "Ya Allah, Kai ne shaidata!"

Sai da wata lauya, Barista Iklima, ta zauna ta saurare ta, abin da ba a yi ba shekara shida, sannan aka ɗaukaka ƙara. Aka fito da hular, aka juya cikinta: ƙulli uku na koren zare. Shi kuwa Jaji, uban marowata, da wata tsohuwar hularsa ya zo kotu. Aka ce ya cire. Ƙulli uku, kore shar! Nan take gumi ya karyo masa, ya fara kame-kame, har ya amsa cewa hularsa ce, a kan fili suka yi rigima da marigayin ya kashe shi.

Kotu ta sallami Fannami, ya fito kansa fari fat. Mutanen unguwa suka cika ƙofar gida da barka, waɗanda suka yi ihun a rataye shi su ne yanzu ke cewa a rataye Jaji.

"Haba jama'a, ba ku gaji ba?" Falmata ta ce, hawaye na zuba. "Jaji ya zalunce mu, ya ruɓe a kurkuku, ban yafe ba. Amma wancan karon ma haka kuka rantse kun tabbata! Da an biye muku, yau a bakin kabari za ku ba ni haƙuri."

Kowa ya sunkuyar da kai. Ta kama hannun mijinta suka shige ciki.