Ranar da Wayar Baba Ta Yi Shiru

A garin Rano akwai wata yarinya 'yar aji biyu a ƙaramar sakandare. Sunan kakarta aka sa mata, don haka babanta ba ya faɗar sunan. Uwata yake ce mata.

Yarinyar nan ba ta ganin rediyo ko tocila ta ƙyale. Sai ta kwance ta ga abin da ke ciki. Wasu ta mayar da su daidai. Wasu kuwa har yau suna cikin kwali, ana jiran ranar tashinsu.

A makarantarsu akwai ƙungiyar kimiyya, Malam Tajuddeen ne ke kula da ita. Shi ya koya musu haɗa akwatin ƙyanƙyasar ƙwai. Akwatin katako ne mai 'yar tagar gilashi. A ciki akwai ƙwan fitila mai ba da ɗumi, batirin sola ne ke kunna shi.

Yarinyar ta haɗa nata a gida, ta ajiye a ɗakin ajiya da ke bayan gida. Baba ya saya mata wata 'yar na'ura mai auna zafi, girmanta bai wuce gidan ashana ba. Na'urar tana aika labari ta intanet zuwa wani kamfani. Idan akwatin ya yi sanyi, sai kamfanin ya sa wayar Baba ta yi ƙara. Duk wata Baba yana biyan ɗan kuɗi kaɗan saboda wannan.

Da damina ta faɗi, Gwaggo Sa'adiya, ƙanwar Baba, ta zo daga Fassi da ƙwarya cike da ƙwan zabi.

"Uwata, na ji an ce kin zama injiniya," in ji Gwaggo. "Ga su nan. Kin san zabuwa ba ta iya zaman kwanci. Waɗannan su ne irin da nake so in tayar bana. Amana ce."

"Gwaggo, kada ki damu," in ji yarinyar. "Ko ina barci, waya za ta faɗa mini."

A farko ta yi ƙoƙari. Kullum tana juya ƙwan, tana leƙa tagar gilashi. Sau biyu wayar Baba ta yi ƙara, ta ruga ta gyara wayar batirin da ta goce. Daga nan ta yarda da wayar Baba fiye da idonta. Har tana tsokanar jar kazar gidan, wata mai masifa da ta fara kwanci a bayan tukwane.

"Ke dai zauna nan," take ce mata. "An daina yayinki."

Wata rana da yamma tana riƙe da wayar Baba, sai saƙo ya shigo da Turanci. Daga kamfanin ne. Sun ce sun canja tsari. Ƙaramin tsarin da Baba ke biya ba zai ƙara sa waya ta yi ƙara ba. Mai son ƙara sai ya koma babban tsari mai tsada.

Ran yarinyar ya ɓaci ƙwarai. Kuma gaskiya tana da dalili. Saboda ƙarar nan aka sayi na'urar. Yanzu ana tsakiyar aiki, sai a ce an ɗauke ta?

"Mene ne, Uwata?" Baba ya tambaya. "Na ga kin haɗe rai."

Ta yi tunani. Idan ta faɗa, wataƙila Baba ya ce a bar abin gaba ɗaya. Ga kuma haushi yana cin ta.

"Ba komai, Baba. Talla ce kawai."

Ta goge saƙon. A ranta ta ce, ai mun biya na wannan watan, ba za su iya ba. Kamar goge saƙo zai goge abin da ke cikinsa.

Lokacin ƙyanƙyasa ya matso. Malam Tajuddeen ya riga ya gaya musu cewa a kwanakin ƙarshe ba a juya ƙwai, ba a buɗe akwati. Amma bai ce a daina leƙawa ba. Yarinyar ce ta ƙara wannan da kanta. Ga jarrabawa ta zo, ga hanyar ɗakin ajiya duk taɓo.

Sai aka shiga ruwa. Hadari ya rufe gari, rana ba ta fito ba. Wayar Baba kuwa shiru. Duk sanda yarinyar ta dube ta, sai ta ce, "Shiru dai, ke nan lafiya lau."

Ranar Asabar da hantsi aka ji tsayuwar babur a ƙofar gida. Gwaggo ce ta shigo da sallama, gefen zaninta duk laka.

"A'a, Sa'adiya, a cikin wannan ruwan?" in ji Baba. "Lafiya dai ko?"

"Lafiya ƙalau, Yaya. Na ji ku shiru ne, shi ne na ce bari in zo in duba ku."

Yarinyar tana shimfiɗa mata tabarma, sai hannunta ya tsaya. Tun tana ƙarama take jin wannan maganar. Idan aka ji maƙwabci shiru, ana zuwa a duba shi. Idan aka ji ɗan'uwa shiru, ana hawa babur ko da ana ruwa. Ba wanda ke cewa shiru ke nan lafiya.

Ta saki tabarmar ta ruga ɗakin ajiya.

Ƙwan fitilar a mace yake. Batirin ya ƙare, tunda ba rana. Ta buɗe akwatin, ta taɓa ƙwai ɗaya. Sanyi ta ji. Sai hawaye.

Baba da Gwaggo suka biyo ta. Ba ta jira an tambaye ta ba.

"Baba, saƙon nan ba talla ba ce. Kamfanin ne suka ce sun cire ƙarar. Na ji haushi na goge, ban faɗa maka ba. Gwaggo, na kashe miki ƙwai."

Gwaggo ba ta yi faɗa ba. Ta ɗauki ƙwai ɗaya ta kai kunnenta, tana saurare.

"Tsaya tukuna, kada ki yi musu makoki da wuri. Yaya, kuna da kaza mai kwanci?"

Yarinyar ta share hawaye. "Akwai jar kaza a bayan tukwane."

Da kanta ta kwashe ƙwan a ƙwarya. Kazar ta hura gashi, ta kai mata sara a hannu har sau biyu. Yarinyar ta haƙura, don ta san tana da laifi a wurinta. Gwaggo ta tura ƙwan ƙarƙashin kazar ɗaya bayan ɗaya. Kazar ta yi 'yan gunaguni, ta gyara zama a kansu.

Bayan haka Baba ya kira yarinyar ya zaunar da ita.

"Ni ma raina ya ɓaci da kamfanin nan," ya ce. "Ba a canja wa mutum magana a tsakiyar aiki. Amma da kin faɗa mini, da mun san abin yi. Kin yi fushi da su, wa ya sha wahalar fushin?"

"Ƙwan Gwaggo," ta ce a hankali.

"To kin gani."

Ranar Litinin ta ba Malam Tajuddeen labari. Ashe ba ita kaɗai ba ce. Duk 'yan ƙungiyar da ke da irin na'urar suna ta ƙorafi. Malam ya taimaka musu suka aika wa kamfanin kokensu cikin ladabi. Sannan ya nuna musu yadda za su saka 'yar ƙararrawa a jikin akwatin, wadda ba ta jiran izinin kowa kafin ta yi ƙara.

Yarinyar kuwa ta koma zarya bayan tukwane. Safe da yamma tana can a tsugune. Wata safiya ta ji wani ɗan siririn kuka. Ta leƙa, sai ga ƙananan kawuna masu zane-zane suna fitowa ta ƙarƙashin fiffiken kazar.

Ba duka suka fito ba. Wasu ƙwan sanyi ya riga ya gama da su, kuma abin ya yi mata zafi. Amma fiye da rabi sun rayu.

Ta karɓi wayar Baba ta kira Fassi.

"Gwaggo, sun fito. Na ce kada ki ji mu shiru."

Gwaggo ta yi dariya. "Allah Ya yi miki albarka, Uwata. Ki gaishe mini da jar kaza."

Tun daga ranar yarinyar ta riƙe darasinta. Ko an yi maka ba daidai ba, kada fushi ya sa ka ɓoye gaskiya ga iyayenka. Idan kuma aka ba ka amana, ka ji ta shiru, ka tashi ka je ka duba.