Layar Surajo

"Baffa, don girman Allah ka bar masa ƙyauren!"

Saudatu ke nan, mayafi a kafaɗa, hawaye shaɓe-shaɓe. Baffa Dikko, ƙanin mahaifinta da ya riƙe ta tun tana goyo, ko waiwayowa bai yi ba. Ya cicciɓi ƙyauren ɗakin hayar ya jingine a jikin dalbejiya. Haka ake korar ɗan haya a Riruwai, in ka ga ɗakinka ba ƙofa ka san sauran.

Wata uku ke nan Surajo mai wankin kuza bai biya ko anini ba. In aka kore shi garinsu Badafi zai koma, ita kuwa shi ke nan ta rasa shi. Ga Hamman mahauci tsaye a gefe yana washe baki, shi da ke son ɗakin, yake kuma son Saudatu.

Sai ga Surajo ya dawo daga ramin haƙar kuza, taɓo har gwiwa.

"Baffa, lafiya? Gyara za a yi?"

"Gyaran ƙaniyarka! Kwana talatin na ba ka a rubuce, yau sun cika!"

"Ni? Wallahi ban ga takarda ba."

"Ke Saudatu! Takardar da Malam Shitu ya rubuta, wa kika ba?"

Saudatu ta dubi Surajo. Ta ba shi mana. Amma ran nan bakinta ya kasa furta kora, ta dai miƙa masa a naɗe, ta ce ya adana da kyau, ta ruga cikin gida.

Surajo ya dafa damtsensa.

"Au... wannan? Hasken idona, ba laya ba ce?"

Ashe da ya ga rubutun ajami, ga shi daga hannun masoyiya, bai tsaya neman mai karantawa ba. Wurin baduku ya kai, aka ɗinke ta da jar fata, ya ɗaura. Kwana talatin yana yawo da takardar korarsa a damtse, har sumbatarta yake in zai shiga rami!

Hamman ya ba da aron wuƙa da rawar jiki. Aka farke, Malam Shitu ya karanta a bainar jama'a. Dariya har da masu riƙe ciki.

Saudatu ta ji kamar ƙasa ta tsage ta shige.

"Ku yi dariyarku," in ji Surajo. "Ni dai ta yi mini aiki. Tun da na ɗaura ta ban yi fashin rami ba."

Ya kwance bakin zaninsa, sulalla suka zubo, fam biyu cif.

"Kana da wannan ka hana ni sule shidana?"

"Ai naka ne, Baffa. Kuɗin gaisuwar Saudatu nake tarawa. Na ga duk aljihu ɗaya za su shiga."

Hamman ya yi tsalle. "Baffa, kada ka saurari matsiyaci! Ni zan ba da..."

"Rufe mini baki, mai warin tumbi!" Saudatu ba ta san sanda ta faɗa ba.

Baffa ya dube ta, ya dubi kuɗin, ya ƙirga sau biyu. Ya ware sule shida ya jefa aljihun dama, sauran ya zuba a na hagu.

"Aljihuna biyu ne, yaro. Na karɓi gaisuwa, ka turo manyanka. Yanzu kwashe tsummokaranka ka bar mini gida."

"Baffa!" Saudatu ta ƙwalla ƙara. "Ai ya biya!"

"Shi ya sa. Ina kika taɓa ganin suruki na kwana gidan surukinsa? Ya nemi wani wuri!"

Hamman ya samu ɗakin, a kan ninkin kuɗi.

Bayan sallar layya aka kai amarya wani ɗan ɗaki a bakin kasuwa. Ɗakin ba ƙyaure, Saudatu ta aika wa Baffa tana kuka. Da la'asar sai ga ƙyauren nan da Baffa ya cire an kawo a kan jaki.

Hamman kuwa har damina ta wuce da tsohuwar tabarma yake rufe ƙofa.